Lemon Kawu da Bencin Coci

Jiya 'yata ta ɓare lemo a mota, sai ƙamshin ya dawo mini da marigayi Kawu. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ya kai ni cocin Mormon da na zo ƙasar Turawan nan. Ba ya magana mai nauyi sai da lemo da wuƙa a hannu.

Wata Lahadi na tsare shi a falonsa a garin Silver Spring. "Kawu, ashe shugabanninmu na da sun hana baƙar fata zama firist, limamin coci? Kuma ka sani?"

Ya ci gaba da fere lemon, ɓawon na sauka bai tsinke ba. "Na sani mana. Da aka haifi 'yata ta fari, Turawa ne suka kewaye ta suka sa mata albarka, don aikin firist ne. Ni ina kan benci, hannuwana a cinya."

"Kuma ka zauna a cocin?"

"Ba don su na shiga ruwan baftisma ba. Amma kada ki taɓa wanke su, sun yi kuskure." Ya miƙo mini lemon.

Yanzu tawa 'yar ta karanta tarihin nan, ta ce ita da cocin har abada. Duk Lahadi ni kaɗai nake zuwa. Na maimaita mata maganar Kawu, ta ce, "Mama, shi ya iya haɗiyewa. Ni a kan me?"

Kawu, Allah ya ba ka hutawa. Ni kuma ya hana ni yi wa 'yata ƙarya, ko da zan zauna a bencin nan ni kaɗai.