Raɓar-Rana a Teburin Kalilu

Ka taɓa ganin ciyawa ta kama ƙwaro ta cinye shi? Kada ka yi saurin cewa ƙarya ne. Mutanen wani ƙauye kusa da Sandamu ma haka suka ce, da suka gani da idonsu kuma sai suka faɗi abin da ya fi wannan muni.

Kalilu mai kayan miya ne. Tun yana saurayi yake kasa tumatir da attaruhu da albasa a gindin wata darbejiya, a bakin hanyar kasuwa. Mutum ne da bai iya zama ba, kuma komai sai ya ƙirga: tumatir biyar a kashi, na shida gyara, shi ma sai ga wanda ya iya gaisuwa. Abu ɗaya ne ya gagare shi ƙirgawa, wato ƙananan ƙudajen nan da ke yi wa tumatir dandazo da zarar ya fara laushi.

Wata damina, a farkon shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar, ya ratso ta bakin fadama ya tsaya wanke laka. A wani jiƙaƙƙen farin rairayi, inda ko gero ba ya yi, ya ga wata 'yar ciyawa da ba ta fi yatsa tsawo ba. Ganyenta sirara ne masu jan gashi, kowane gashi da ɗigon ruwa a bakinsa kamar raɓa, alhali rana ta take. Ya taɓa, ya ji danƙo. Yana tsugune wani ɗan ƙuda ya sauka ya maƙale, gashin nan ya riƙa lanƙwasowa a hankali har ya rufe shi. Kalilu ya duba sauran ganyen, ya ƙirga busassun ƙwari goma sha ɗaya.

Nan take kansa ya fara lissafi. Ya haƙo guda uku da rairayinsu, ya dasa a kasko, ya raɗa musu suna raɓar-rana. Ɗaya ya ba ta ruwan rijiya, ta yi yaushi. Ɗaya ya saka mata ɗan taki don tausayi, ta ƙone. Ta ukun ya bar ta da ruwan sama da ƙudajen teburinsa, ta yi shar. A nan ya gane cewa abin da dawa ke samu a taki, ita a jikin ƙwaro take samunsa, saiwarta kuwa ruwa kawai ta iya sha. Ya ƙudura zai yawaita ta ya sayar wa duk mai tebur a kasuwa. Saboda haka duk wanda ya tambaye shi inda ya samo ta, sai ya ce, "Inda Allah ya ajiye ta."

Wannan amsa ita ta jawo masa.

Rairayin da ya haƙo ta a gindin gonar Mainasara yake, ɗan kawunsa. Taubasai ne, an yarda su zagi juna a yi dariya. Sai dai Mainasara ya taɓa neman gindin darbejiyar nan don ya kasa rake bai samu ba, tun daga nan zolayarsa ta daina daɗi. Ranar kasuwa ya zo ya sami mata sun kewaye kaskon suna kallo.

"Bawana, me kake kiwo?"

"Abin da ya fi ka amfani. Ita ko ƙuda tana korar mini."

Mainasara ya leƙa, ya ga ganye ya naɗe ƙuda. Ya ja da baya yana ɗaga murya. "Yau ƙuda, gobe kuma kurwar wa? Mata, ku riƙe 'ya'yanku, maye ya dasa maitarsa a kasko."

Aka yi dariya, amma wata tsohuwa ta mayar da tumatir ɗin da ta zaɓa ta wuce. A shekarun nan kunnen kowa a buɗe yake, duk abin da ya yi kama da tsafi ba a yi masa uzuri. Kafin kasuwa ta zagayo, maganar ta bar bakin taubashi ta shiga gidaje. Aka ce da jini yake ba ta ruwa. Aka ce tana juyowa ta bi yaro da kallo. Wa zai sayi abin miya a hannun maye? Kalilu ya zauna yana ƙirga masu wucewa maimakon masu saye, kwando biyu suka ruɓe a gabansa.

Matarsa Haulatu ta tare shi a tsakar gida. "Malam, an hana yara shigowa sayen ƙuli-ƙulina. Ka faɗa musu inda ka samo abin nan, ko ka zubar."

"In na faɗa, kowa zai je ya ɗebo kyauta."

"To sayar wa wa za ka yi? Wanda ba ya amsa gaisuwarka?"

Bai zubar ba. Sai ya ɗauki kaskon ya kai ƙara zauren Liman Ikrima, aka kira Mainasara. Zaure ya cika har waje.

"Allah gafarta Malam, wasan taubasai ne," in ji Mainasara. "Tun muna yara nake zaginsa."

"Wasa a tsakaninku yake," in ji Liman. "Wannan ya shiga tukunyar iyalinsa. Kana da shaida, ko za ka janye?"

Maimakon ya janye, sai Mainasara ya gyara zama. "A gwada. Mu duka manoma ne. Duk tsiron da Allah ya halitta yana son taki. A zuba mata kashin awaki. In ta yi kyau, ciyawa ce, na ba shi haƙuri. In ta mutu, ku faɗa mini mece ce."

Zaure ya ɗauka da "haka ne." Kalilu ya ce taki kashe ta yake yi, ya riga ya gwada. Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Ka ji ko? Ya san ba za ta jure ba." Ƙin yarda ya fi yarda haɗari, dole ya sa ido aka barbaɗa takin, aka bar kaskon a hannun Liman.

Da aka sake taruwa, raɓar ta bushe, ganyen ya yi baƙi ya kwanta. Mainasara sai murmushi yake yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. Kalilu ya dubi fuskokin waɗanda ya shekara yana yi wa gyara, babu wanda ya haɗa ido da shi. Ya auna cinikin da yake mafarki da sunan da zai bar wa 'ya'yansa, ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, a biyo ni. Zan nuna inda na samo ta."

Aka bi shi a jere ta cikin gero. Da suka karya kwana suka nufi fadama, Mainasara ya fara rage sauri. Kalilu ya tsaya a gindin gonar, ya nuna ƙasa da sanda. Ga su nan birjik a cikin farin rairayi, suna walƙiya a rana, kowace da ƙwarinta. Ya ƙirga har arba'in ya bari.

"Gonar wa ce wannan?" in ji Liman.

Kowa ya juya ya dubi Mainasara.

"Ni uku na ɗauka," in ji Kalilu. "Taubashina kuwa garke yake kiwo. Wasa nake, bawana. Ko ba wasa ba ne?"

Liman ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce halittar Allah ce da aka ajiye wa abincinta a sama tunda ƙasar ba ta da shi. Ya sa Mainasara ya janye maganarsa a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar. Ya janye, da murya can ƙasa, idonsa na kan takalminsa. Washegari ya kai mangala biyu na taki ya juye a kan rairayin, ya kashe su duka.

Masu saye sun dawo, ban da gida uku da har yau suke aika yara wani tebur. Cinikin raɓar-rana bai taɓa yiwuwa ba, don da damina ta ɗauke ita ma take bushewa. Kalilu da Mainasara suna haɗuwa a suna da jana'iza, su gaisa kamar baƙi, babu mai kiran wani bawansa. Kalilu ya tsufa a gindin darbejiyarsa, kuma duk damina sai ya nemo wani rairayin ya dasa guda ɗaya a kasko, ya ajiye ta a gaba-gaba, inda mai wucewa ba zai iya kauce mata ba.

In damina ta yi tsaka, ka zaga bakin fadama, inda rairayi yake jiƙe kuma ciyawa ba ta da ƙarfi. In ka dace da ita, ka ɗora mata ɗan ƙaramin ƙuda a ganye, ka tsuguna ka jira. In za ka kai ta gida, ruwan sama kawai, ban da taki. In kuma an tambaye ka inda ka samo ta, ka faɗa tun a tambayar farko.