Mai Tsumma Ya Tafi Bai Kwance Murfin Ba

Da safiyar Laraba, sha ɗaya ga watan Fabrairu, Allah Ya karɓi ran babban makaniken kamfaninmu na fasa dutse, wanda kowa ya fi sani da Mai Tsumma. Mu duka na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. An ce ya sunkuya a bakin ƙofa zai ɗaure igiyar takalminsa na aiki, ya ce wa maiɗakinsa ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ni labarin a gida ya same ni, domin an dakatar da ni daga aiki, kuma a ranar shi nake jira ya je ya wanke ni.

Yaya, haka nake kiran ka duk da ba ciki ɗaya muka fito ba. Ni direban buldoza ne, mai saurin fushi, kowa ya san ni da haka. Tun zuwana kamfanin kai kaɗai ne ka iya da ni. In na sauko daga mota ina kumfar baki, sai ka zare tsumman nan da ba ya barin kafaɗarka, ka miƙo mini, ka ce in goge fuskata tukuna sannan in yi magana. Kafin in gama gogewa rabin fushin ya tafi, ga kuma baƙin mai a goshina, mutane suna dariya. Lokacin da aka sallamo 'yata daga asibiti, kai ka riƙa ɗauko ta a tsohuwar motarka zuwa wankin ciwo, kana ba ta labarin injina kamar labarin mutane, wannan malalaci ne, wancan mai rowa ne. Har yau ba ta yarda cewa ka tafi ba.

A gareji kuwa akwai abin da ka tsaya a kai, har ana yi maka tsiya. Cikin kowane injin dizal akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin, tamostat, wanda yake tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya ɗauki zafin da ya dace da shi. Makanikai da yawa, da zarar mota ta yi zafi sau ɗaya, sai su ciro shi su yar, su ce shi ne mai laifi. Kai kuma kana bin bola kana tsince su, kana tarawa a gwangwanin fenti. Da rana sai ka jefa ɗaya cikin butar shayinka, ka tara mu mu ga yadda yake buɗe baki idan ruwa ya kusa tafasa. Shayinka kullum ƙarfe-ƙarfe yake, amma ba wanda ya taɓa iya ƙin karɓa. Kana yawan cewa kowa tsoron zafi yake yi, alhali sanyi ma yana cin inji, sai dai shi ba ya ihu.

To, sanyin ne ya ci ni. Buldozata ta fara shan dizal fiye da kima. Ƙarfinta ya ragu, aikin da take gamawa kafin rana ta take sai ya kai ta yamma, tana ta farin hayaƙi. Allurar zafi kuma tana kwance can ƙasa, mu direbobi muna ganin haka alheri ne. Mai sito ya kai magana wurin manaja, kuma da ma ana raɗe-raɗin wasu na zuƙe mai daga tanki suna sayarwa. Aka kira ni ofis. Ba a ce mini ɓarawo baki da baki ba, amma an karɓi makulli daga hannuna a gaban mutane, aka ce in zauna a gida sai an gama bincike. Abokan aikin da muke cin abinci a kwano ɗaya suka koma gaishe ni daga nesa.

Kai ne ka ƙi yarda. Ka roƙi manaja ya ba ka makullin, ka sa aka kira ni in tayar maka da ita. Ina nan ina ganin ka. Da farko ka ce sai mun san ko allurar ce take ƙarya, ka bar motar ta yi aiki sosai sannan ka ɗora tafin hannunka a jikin injin, ka bar shi a nan kana kallo na. Injin da ya kamata ya ƙona ka ɗumi kawai yake yi. Ka saurari fanka, ka ce ba ita ba ce, tana kamawa tana saki yadda ya kamata. Ka shafo bakin salansa, yatsanka ya fito da baƙin ruwa mai maiƙo. Ka zaro sandar gwada baƙin mai, ka ga ya haura alama maimakon ya ragu, ka kai hancina. Warin dizal ne zalla.

Ka ce, “Ga man da suka ce ka sata nan, ƙanena. Inji bai yi zafin da zai ƙona shi ba. Wani ya bi hayaƙi, wani ya zurare cikin baƙin mai.”

Washegari da sassafe, inji yana da sanyi, ka buɗe bakin lagireto na tayar, sai ga ruwa yana gudu tun daga bugun farko, ba abin da ya tare shi. Saura kawai a kwance murfin gidan tamostat a ga wayam. Ka ɗauki sifana, ka sunkuya, sai na ga ka tsaya. A gefen murfin akwai jan gam da aka shafe da babban yatsa, aka ja shi gefe ɗaya. Kai ka koya wa mutum ɗaya wannan shafar, ƙaninka Auta, wanda ka raina tun rasuwar mahaifinku, ka kawo shi garejin da hannunka. Lokacin zafin bara motar ta taɓa tafasa kana hutu, shi ya duba ta, ya cire tamostat ɗin. Ashe ƙurar dutse ce ta toshe lagireto, kuma da aka wanke shi daga baya ba wanda ya tuna da abin da aka cire.

Ka mayar da sifanar aljihu. Dokar kamfani ka san ta, na san ta: wanda ya cire wani abu daga inji ba da izini ba har ya jawo ɓarna, kora ce. Kuma dizal ya riga ya wanke ringin fistin ya lalata shi, sai an sauke injin. Ni kuwa na hau faɗa, na ce a kwance yanzu, a kira manaja ya gani da idonsa. Ka bar ni na gama.

Ka ce, “Ba zan bar ka da sunan ɓarawo ba, ko ɗana ne ya yi. Amma ka bar ni in zauna da shi tukuna, kada ya ji a bakin wani. Laraba zan kwance shi a gaban manaja.”

Ban taɓa ganin fuskarka ta yi irin wannan nauyi ba. Ka juya ka tafi, kana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da buhun siminti. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Bayan an kai ka makwancinka, na zauna cikin masu gaisuwa raina a dagule. Ina kukan rashinka, ina kuma jin kunyar cewa wani ɓangare na zuciyata yana lissafin wa zai tsaya mini yanzu. Ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin murfin nan sai ni da Auta, kuma maganar wanda ake tuhuma ba ta da nauyi. Ina kallon Auta yana kai-kawo, 'ya'yanka ƙanana suna riƙe da rigarsa, domin yanzu shi ne ubansu, kuma albashinsa ne zai riƙe gida biyu.

Shekaranjiya Auta ya zo gidana. Ya ƙi shiga, ya tsaya a bakin ƙofa idanunsa jajur.

Ya ce, “Yaya ya gaya mini komai kafin ya rasu. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Na je na ga manaja, na ce ni zan kwance murfin da hannuna. In za ka rubuta wani abu a kansa, kada ka ɓoye wannan.”

Na buɗe baki in ce masa ya bari, in ce zan nemi aiki wani wuri. Sai na tuna 'yata ta dawo daga makaranta tana tambaya ta ko gaskiya ne abin da yara suke faɗa a kaina. Maganar ta ƙi fita. Ya yi sallama ya tafi.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya saka maka da Aljanna saboda gaskiyar da ka riƙe a lokacin da riƙe ta ya fi ciwo. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, uwar yara, wadda ba ta taɓa barin mu mu bar gidanta da yunwa ba, da 'ya'yanka, da Auta, da dukkan ma'aikatan gareji. Allah Ya ba su haƙuri, Ya zama gatan marayun da ka bari.

Gobe da safe za a kwance murfin. Zan tsaya kusa da Auta ina miƙa masa sifana. In an ɗaga aka ga wayam, za a mayar mini da makullina, shi kuma a sallame shi, kuma a tukunyar gidanka za a fara ji. Addu'ar da zan yi maka na yi ta iyakar iyawata, Yaya. Ta gobe ce na ɗaga hannu na rasa abin da zan roƙa.