Akushin Ma'aji a zauren gidanmu

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Umaru, wanda mutanen Sakkwato suka fi sani da Ma'aji. Mu uku mahaifinmu ya bari: Malam Babba, wanda ya gaji makarantar zauren gidanmu, sai Umaru, sai ni autansu, da ban gaji komai ba sai surutu.

Umaru bai tashi da niyyar aikin hukuma ba. Karatu ya yi a gaban mahaifinmu, Allah kuma ya ba shi kan lissafi, har ya zama in rabon gado ya cije wa alƙali shi ake aiko wa. Daga nan aka ɗauke shi fada yana kula da taskar riguna da gishiri da kuɗin wuri. Da Nasara suka ci ƙasa suka tsara baitulmali, aka nemi mai riƙon makulli, ba a samu na biyunsa ba. Da gemunsa ya zauna ya koyi boko. Haraji da jangali su shigo ta hannunsa, albashin alƙalai da dogarai ya fita ta hannunsa, shi ma a yanka masa nasa.

Albashin nan shi ya raba mu. Al'adar gidanmu ita ce ciyayya: bayan Magariba kowane magidanci a kawo akushinsa zaure, a jera, a ci na wannan a koma na wancan. Ranar da Umaru ya fara karɓar albashi, Malam Babba ya ci nasa, ya ci nawa, da aka jawo na Umaru sai ya wanke hannu. Ba faɗa, ba wa'azi. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Umaru bai yi fushi ba, dabara ya nema. Muna da gonar gado a Kwalkwalawa. Ya koma nomanta da kansa duk ranar da babu ofis, ya gina wa geronta rumbu daban, ya saya wa matarsa turmi da tukunya daban, don kada ko ƙwayar hatsin albashi ta gauraya da tuwon zaure. Bayan kaka ya tura akushin gaban wansa.

"Malam, geron gonar Baba na. Kuɗɗin Nasara ba su taɓa shi ba."

Malam Babba ya daɗe yana duban tuwon, sannan ya ce, "Na sani, Umaru. Amma hannun da yan nome shi, shi ka riƙe da makullinsu."

Na so in tanka, Umaru ya danne mini gwiwa. Daga baya na tambaye shi me ya hana shi ajiye aikin ya huta. Ya ce in ya ajiye, baƙo za a kawo wanda bai san ƙauyen da fari ya cinye ba, balle ya roƙa musu sassauci wurin Bature. Ya ci gaba da zuwa ofis, akushin kuma ya ci gaba da zuwa zaure, ni kaɗai nake taya shi ci. Na ci tuwon nan da ɗacin rai shekara da shekaru.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Malam Babba ya shigo ya zauna gefen shimfiɗarsa ya yi masa addu'a. Umaru ya sa aka dama fura, ya tura masa ƙwaryar da hannunsa. Malam ya sunkuyar da kai ya ce yana azumi. Ranar Litinin ce, ya kuwa saba azumtarta, don haka har yau ban san ko zai sha in ba don azumin ba. Umaru bai kai wata Litinin ɗin ba. Malam ne ya wanke shi, ya sa masa likkafanin da ya tanadar wa kansa, ya sallace shi yana kuka kamar yaro.

Ina yawan tunanin abin da Umaru zai ce da ya ga Sakkwaton yau, inda uba ke yanka rago in ɗansa ya samu aikin gwamnati. Ba na jin zai yi dariya. Ya fi kowa sanin cewa wansa ba ƙiyayya ta hana shi ci ba, tsoron Allah ne, kuma shi kansa bai taɓa samun natsuwa da albashin ba. Ni dai na kasa yafe wa zamanin da ya sa mutanen kirki biyu suka tsufa a tabarma ɗaya ba su haɗa hannu a kwano ba.

A ofis an manta da shi, an sake makulli, an sake ma'aji. Abin da ya rage nasa gonar ce, 'ya'yansa na nomawa. 'Ya'yan Malam Babba kuwa, biyu malaman ofis ne, ɗaya a baitulmalin ma yake aiki. Duk Sallah sukan zo zaure, matar Umaru ta aiko da tuwo, su ci har su nemi ƙari. Ni nake tura musu akushin, kuma ban taɓa gaya musu komai ba.