Zanen da Bai Bushe Ba

Dattijo ne siriri, tsaye a tasha, farcensa duk shuɗin fenti. Yana riƙe da zane nesa da ƙirjinsa, don fentin mai ne, bai bushe ba. Wata tsohuwar unguwa ya zana da magariba, fitilu na dushi-dushi cikin hayaƙi, kamar layin kakata kafin a rushe shi.

"Haba Baba, ka ɓata wa fasinja kaya? Sai ya bushe!" in ji kwandastan motar da ya so shiga. Motar ta wuce.

Da gani dattijon ya saba. Ga yayyafi ya sauko, kuma in ya rufe zanen da riga, gogewa zai yi. Sai ya juya wa ruwan baya, ya duƙa a kan unguwar, ruwa na bin wuyansa.