Jakar da Yaya Bala ya sauke daga but

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi, raina kuma ya ɓaci. A shekarun nan ne da gwamnatin Ingila ta shiga tsuke bakin aljihu, yau a rufe wannan gobe a rage wancan. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Oxford Road cikin birnin Manchester, muna zaune a Longsight ni da matata da 'yarmu Hanifa. Hanifa tana da sikila, duk mai irin wannan yaro a gida kuwa ya san sanyi, da zarar ya ratsa ƙashi ciwo ya tashi, sai gadon asibiti.

Muna da maƙwabci wani tsohon Bature, direban motar nan mai watsa gishiri a titi don ya narkar da ƙanƙara, har Hanifa ta raɗa masa Baba Gishiri. Shi ya koya min haɗa jakar hunturu ta ajiyewa a but ɗin mota, ya tsaya a kaina kamar sajan soja: barguna na ulu, ƙaramin shebur, tocila, safar hannu, wayar jona batir, kyandir a gwangwani da ashana, sai filas. Ni na ƙara dabino da jakar roba ta ruwan zafi saboda Hanifa. Kullum muka haɗu sai ya nuna motata da sandarsa ya ce, "Jakar nan ba ta fita daga but sai itatuwa sun yi ganye." Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buɗe wa jama'a hanya, kamfaninsu ya sallame shi wai babu kuɗi, ya koma zama da kwat a falo yana tsoron kunna hitar ɗumama ɗaki saboda tsadar wuta. Mun tafi gida hutu, muka dawo aka ce an fasa ƙofa an same shi a kujera ya sandare. Wai ƙasar da ta ci gaba ke nan!

Hunturun da ya biyo baya ƙanwar matata ta haihu a Perry Barr, can Birmingham, muka shirya zuwa. Kun san halinmu da saƙo, da an ji za ka hau hanya kowa ya tuna yana da abin aikawa, kuma ba ka isa ka ce a'a ba. Yayan matata, Yaya Bala, shi ya zo da kuloli niƙi-niƙi, waina, shinkafa, miyar taushe, wai shi ba ya son ƙanshin miya a motarsa, zai taho daga baya. Na cika filas na sa a jaka na rufe but, na shiga ciki sallar azahar. Ashe ina salla bawan Allahn nan ya sauke jakar don kulolinsa su samu wuri, ya cusa ta bayan ƙofa ƙarƙashin rigunan sanyi, bai ce min uffan ba, ni kuma na ja ƙofa na kulle da hannuna.

Muna tsakiyar tafiya dusar ƙanƙara ta sauko, aka rufe babbar hanya saboda haɗari, aka karkatar da mu wata hanyar ƙauye da ko ƙwayar gishiri ba a zuba mata ba. Wajen la'asar mota ta zame ta faɗa rami, ta mutu, na yi na yi ta ƙi tashi. Na ce da matata kar ta damu, ai akwai jaka. Na buɗe but, innalillahi, kula a kan kula! Na kira Yaya Bala a waya, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Baban Hanifa, wannan tarkacen naka? Tafiyar da ba ta kai Kano zuwa Kaduna ba! Ku dai lura da ta miyar, kar ta zube." Wallahi ba don suruki ba ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Masu jan mota suka ce layi ya yi tsawo, motar asibiti ma suka ce sai mun yi haƙuri. Ita kuwa kula riƙe ɗuminta take yi, ba ta ba kowa.

Sai Hanifa ta ce a hankali, "Daddy, ƙafata ta fara." Uwarta ta tuɓe kwat ta naɗe ta, ni ma na tuɓe tawa, muna ta addu'a, leɓen yarinyar nan ya soma canza launi. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Can sai aka ƙwanƙwasa gilashi. Ban ji ƙarar mota ba, ban ga fitila ba. Wani mutum ne da rigar ma'aikatan titi ruwan ɗorawa, ya rufe fuska da mafila, ya turo min jaka a ƙirji da ƙarfi kamar mai fushi, ya ce da Turancin mutanen Manchester, "Itatuwan sun yi ganye ne?" Na dubi abin da ke hannuna. Jakata ce, har da jan ƙyallen da Hanifa ta ɗaura a zif. Kafin in ce na gode ya juya yana tafiya a tsakiyar hanya, yana watsa wani abu da hannu kamar mai yafa iri, har ƙura ta ƙanƙara ta rufe shi.

Na juye ruwan filas a jakar roba na sa mata a ƙafa, muka lulluɓe ta da barguna, na kunna kyandir. A hankali ta daina kuka, har ta ci dabino ta yi barci. Daga baya wani manomi ya zo da tarakta ya ja mu. Ciwon bai tashi ba, alhamdulillah.

Da muka dawo Longsight ƙofa na nan a kulle yadda na bar ta, kuma mukullin ba wanda ke da shi sai ni da matata. Na ɗaga rigunan sanyi, babu jaka, sai kafet a jiƙe da ɗan tsibin jan gishirin titi. Ni musulmi ne, na san wanda ya mutu ba ya dawowa, don haka kar ku tambaye ni, Allah ne masani. Yaya Bala kuwa da na ba shi labari cewa ya yi, "To ka gani, ai da ma Allah ke karewa," ya ƙara da cewa wainar ta huce kafin ta isa.

Don Allah, in kuna tuƙi a ƙasar sanyi ku haɗa taku jakar, ku leƙa but da idonku kafin ku tayar da mota, saƙon kowa ya jira ko da na surukinku ne. Tsohon da ke maƙwabtaka da ku kuma ku riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa. Gishirin nan na share na zuba a kwalba, yana cikin jakar, kuma duk sanda na buɗe sai in same shi da danshi.