Waƙoƙin Mama a Tsohuwar Kwamfuta

A layinsu na Agege, in aka ce mai ɗinkin kayan mawaƙan coci, to Lai'atu ake nufi. Daga wani ƙauye kusa da Kafanchan ta zo Legas tana budurwa. Ta fara da aikin goge-goge a wani ofis, ta koyi keken ɗinki a hannun wata Bayarabiya, har ta buɗe shagonta.

Mahaifiyarta ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta ƙauyensu. Siman, ƙanen Lai'atu, kan ɗauki muryar tsohuwar da waya, ya turo mata ta imel. Da aka koma hira ta waya kai tsaye, sai Lai'atu ta daina leƙa akwatin imel ɗin. Shekaru suka shuɗe.

Bayan rasuwar Mama ta je buɗewa, aka ce an goge akwatin saboda daɗewa ba a taɓa shi ba. Wayar Siman kuwa tuni ta mutu. Ta rubuta wa kamfanin, suka ba ta haƙuri. Kwanaki ta yi tana taka keke ba ta ko kunna rediyo.

Sai ta tuna da tsohuwar kwamfutar da take karanta saƙonni da ita a da, wadda ta bar wa maƙwabciyarta Rabi, mai shagon buga takardu a Abule Egba. Ta rufe shago ta hau motar danfo.

"Lai'atu, tana nan ƙarƙashin benci," in ji Rabi. "Amma kada mu haɗa ta da intanet, kar nata ma ya goge. Mu fara ganin abin da ta riƙe a cikinta."

Batirin ya mutu, sai da suka aro caja a maƙwabta. Kwamfutar ta yi ta gurnani kafin ta farka. Ashe duk saƙon da Lai'atu ta taɓa buɗewa ya sauka ya zauna. Rabi ta danna na farko, muryar Mama ta cika shagon, ga kukan zakara a bayanta.

Lai'atu ta zauna a kan kwalin takarda, ta amsa waƙar har ƙarshe.

Ta kwafe waƙoƙin wuri uku, ta tura wa duk dangi. Sannan ta koya wa matan cocinsu guda biyu daga ciki. Ranar da suka rera, ita ta ba da waƙa, Rabi na bakin ƙofa da mayafinta tana ɗauka da waya.