Fankar da Maigidana Ya Kafa wa Inna

Shekarar da na haihu a unguwar Borokiri ta Fatakwal, mahaifiyata ta zo daga gida don ta yi mini wankan jego. Inna tana da fuka, amma a ƙauye ba ta taso mata sai da sanyi. A Fatakwal kuwa, sati bai cika ba ta fara barci a zaune.

Gidan haya ne, kowace ƙofa da janaretanta. Ga hayaƙinsu, ga na fitilar kananzir, ga wata baƙar toka da ke saukowa daga sama, wadda ko majina ka fyace sai ka gan ta. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, man fetur ɗin nan a ƙarƙashin ƙafarmu yake. A loda shi a jirgi a kai waje, a tace, a dawo mana da shi da tsadar da talaka ba zai iya ba. Dole muka koma sayen na daji, wanda ake dafawa a ɓoye cikin ganguna can bakin ruwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Maigidana gyaran fanka yake yi a kasuwar Mile 3. Mutum ne mai kunyar surukai, bai taɓa haɗa ido da Inna ba, amma tarinta ya hana shi sukuni. Ya ce yana yaro akwai famfon iska a garinsu, yana jan ruwa daga rijiya ba tare da ɗigon mai ba. Sai ya tattaro fikafikan tsohuwar fanka da injin cajin mota da batir, ya kafa a kan rufin kwano. In ta juya za mu samu wuta, mu kashe janaretanmu, ko Inna ta samu sa'ida.

Gabas ya fuskantar da ita, ya ɗaure tamau, don a wurinmu daga gabas hadari da iska suke tasowa. Fanka ta yi ƙememe ta ƙi motsi. 'Yan uwanmu Hausawa na gidan suka riƙa tambayarsa ko azumi take yi. Ni ma ban raga masa ba, na ce in mai gidan hayar ya ga ya huda masa kwano, korar mu zai yi.

Inna ce ta gano. Tana zaune a ƙofa tana kallon tsummokaran jariri a kan igiya, ta kira ni.

"Gaya wa mijinki, iskar garin nan daga wajen ruwa take zuwa."

Ya hau ya juya ta kudu. Kafin la'asar ta fara juyi, ƙwan lantarki ya kama, maigidana yana ta murmushi yana sunkuyar da kai. Inna ta sa masa albarka ta bayan labule. Na yi murna ranar, ba zan ɓoye ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Na lura duk ranar da fanka ta fi gudu, ranar toka ta fi sauka, ranar kuma ƙirjin Inna ya fi kamawa. Ashe iskar da ke juya ta ta kan masu dafa man take biyowa. Har ta kai da zarar Inna ta ji ƙarar fanka a sama, sai ta ce a rufe taga. Muka kai ta asibiti, aka ba ta abin shaƙa, aka ce ta bar garin. Na roƙe ta ta koma gida, har da kukana.

"In ce wa mutane me? Na bar 'yata da ɗanyen jiki?" Ta ce sai mun yi arba'in.

Ba ta kai ba. Da hantsi ta cika, a hannuna, bakinta a buɗe tana neman numfashi.

A tsakar gida mata suka shimfiɗa likkafani a tabarma suna ɗinkawa. Iska na kaɗawa sosai ranar, fanka sai gudu take yi a kanmu. Kafin su gama, farin yadin ya yi ɗige-ɗigen baƙi. Na sa hannu in kakkaɓe, sai ya ƙara shafewa. Haka aka naɗe ta a ciki.

Da suka dawo daga maƙabarta, maigidana bai ko cire hula ba ya hau rufi, ya ɗaure fikafikan da igiyar shanya. Da magariba ya ɗauki jarka ya sayo man daji, ya tayar da janareta kamar kowa.